Kundin aiki: auna zurfin sitak ɗin kenel na Linux 6.12

3 ga Fabrairu, 2025

Tambayar da wannan aiki zai amsa ita ce: a sabar da ke ɗauke da overlayfs a kan XFS (tsarin fayil ne duka biyun), XFS a kan LVM (mai tsara rabon faifai), LVM a kan dm-crypt (mai ɓoye bayanan faifai), ga kuma suwaf (kwashe memori zuwa faifai idan ya cika), nawa ne ke ragewa a sitak ɗin kenel a lokacin da memori ya yi ƙaranci? Kenel shi ne zuciyar Linux, sitak kuma guntun memori ne inda kowane fankishin da aka kira ke ajiye bayanansa na wucin gadi, wato firam ɗinsa, har ya dawo. Gwajin duka a cikin QEMU, mai kwaikwayon inji, ake yinsa, x86_64, kenel 6.12, an harhaɗa da GCC, kwamfailar da ke mayar da rubutun shiri lambar inji.

Ga abin da ake da shi a hannu. Kowane zare, wato layin aiki guda da CPU ke gudanarwa, yana da sitak ɗinsa na cikin kenel, girmansa THREAD_SIZE, wanda a x86_64 bait 16384 ne, wato shafi huɗu na bait 4096. Ba ya ƙaruwa. Sitak ɗin shirin mai amfani idan ya cika kenel yana ƙara masa shafi, amma na kenel abin da aka yanka masa tun haihuwar zaren shi ke nan. Daga sama yake fara cika yana gangarowa ƙasa. A can sama akwai struct pt_regs mai bait 168, inda ake ajiye rajistocin shirin da ya shigo, a can ƙasa kuma akwai alamar STACK_END_MAGIC, 0x57AC6E9D.

A da girman sitak ɗin 8 KB ne. A 2014 Minchan Kim ya nuna yadda sitak ya tumbatsa a ƙarƙashin matsin memori: rubuta fayil ya nemi shafi, neman shafi ya jawo ƙwato memori, ƙwatowar ta kai ga suwaf, suwaf ya gangara har direban faifai na virtio. Daga 3.15 aka ninka shi zuwa 16 KB. Wannan hanyar ce za mu fi sa wa ido, domin har yau ita ce mai tsawo.

Zaɓuɓɓukan da aka kunna: CONFIG_DEBUG_STACK_USAGE, CONFIG_STACK_TRACER, CONFIG_VMAP_STACK, CONFIG_SCHED_STACK_END_CHECK, CONFIG_LKDTM. KASAN, mai kama kurakuran taɓa memori, a kashe yake da gangan. Shi yana ninka THREAD_SIZE zuwa 32 KB, yana kuma cusa gurabe tsakanin bayanan da ke kan sitak har firam ya kumbura, don haka duk lambar da aka samu da shi ba ta kenel ɗin da zai yi aiki ba ce. An kashe lockdep ma, mai sa ido kan yadda ake kama makullai, saboda yana ƙara nasa zurfin a duk inda aka kama makulli.

5 ga Fabrairu

Kafin a kunna komai, an fara da abin da kwamfaila ta sani.

```
objdump -d vmlinux | scripts/checkstack.pl x86_64 512
scripts/stackusage -o farko.su -j8 vmlinux modules
```

Na farko yana karanta lambar inji ne yana neman umarnin da ke rage %rsp a farkon fankishin, sai ya jero waɗanda suka wuce bait 512. Bai san da modul ba sai an ba shi fayilolin .ko, make checkstack yana haɗawa da su. Na biyu yana sa -fstack-usage, kwamfaila da kanta ta rubuta girman kowane firam, tare da cewa girman tsayayye ne ko mai canzawa. Wannan ya fi abin dogaro, saboda yana lissafa har rajistocin da aka tura sitak. Tun 4.20 aka gama cire jerin da girmansa ke canzawa lokacin aiki daga kenel, don haka duk layin da ya ce dynamic ba tare da bounded ba ya cancanci a buɗe shi a duba.

CONFIG_FRAME_WARN, girman firam da idan aka wuce shi kwamfaila ke gargaɗi, a 6.12 a 64-bit 2048 ne, a yawancin 32-bit 1024. An sauke shi zuwa 1024 don a ga su wa za su yi ƙara. Sun fito, kuma galibinsu sanannu ne, irin dangin select da poll waɗanda da gangan suke riƙe bafa a sitak don kada su kira kmalloc a kan ɗan ƙaramin aiki. Waɗannan ba su da haɗari, suna kusa da ƙofar shiga kenel ne, ba abin da ke bisansu sai kaɗan.

Jerin nan ba ya amsa tambayarmu. Firam mai bait 900 a bakin ƙofa bai kai firam mai bait 200 damuwa ba idan na biyun yana zaune a mataki na sittin. Amfaninsa shi ne a ajiye farko.su, duk lokacin da aka yi faci a sake fitar da sabo a gwama su da scripts/stackdelta.

10 ga Fabrairu

CONFIG_DEBUG_STACK_USAGE, wanda za mu riƙa kira ma'aunin sifili. Dabararsa mai sauƙi ce. Ana ba kowane zare sitak da aka share da sifili. Har wanda aka ɗauko daga 'yar ma'ajiyar sitak biyu da kowane CPU ke riƙewa ana sake share shi. Idan zaren zai mutu, check_stack_usage() a kernel/exit.c yana kiran stack_not_used(), wanda ke farawa daga ƙasa, sama da alamar ƙarshe, yana hawa har ya ci karo da kalmar farko da ba sifili ba. Tazarar ita ce abin da ba a taɓa takawa ba. Kamar alamar da ruwa ke bari a jikin bango bayan ya janye.

Idan ragowar ta gaza mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani tun tashin injin, sai a ga layi a dmesg, kundin saƙonnin kenel, mai sunan shirin, lambarsa, da "used greatest stack depth: N bytes left". Abu uku ke damun wannan layin. Ba ya faɗin hanyar da aka bi aka kai zurfin. Ba ya fitowa sai an karya tarihi, don haka shiru ba ya nufin lafiya. Kuma sai zare ya mutu ake auna shi: kswapd0, zaren kenel mai ƙwato memori, ba ya mutuwa, kworker kuwa, zaren ma'aikaci na kenel, sai ya yi minti biyar ba aiki kafin a sallame shi, wasu ma ba a sallamarsu.

Maganin na ukun SysRq ne, hanyar ba kenel umarni kai tsaye:

```
echo t > /proc/sysrq-trigger
```

Kowane zare yana fitowa da filin stack: mai nuna ragowarsa. Idan ba a kunna zaɓin nan ba, filin sifili yake nunawa, kada a ɗauka sitak ya ƙare. Fitowar tana da yawa har tana cinye farkonta a ma'ajin dmesg; an sa log_buf_len=16M a layin tashi.

A 6.12 akwai ƙari mai daɗi: /proc/vmstat yana da kstack_1k, kstack_2k, kstack_4k, kstack_8k, kstack_16k, kowane zaren da ya mutu ana jefa shi gidansa gwargwadon abin da ya ci. Wannan ya rage matsala ta biyu, domin yanzu ana ganin rabon duka ba gwarzo ɗaya kawai ba. Ana karanta lambobin kafin gwaji da bayansa a ɗebe.

12 ga Fabrairu

An maimaita gwaji ɗaya sau da yawa, ragowar tana ta sauyawa da ɗaruruwan bait ba tare da an taɓa komai ba. Dalili: CONFIG_RANDOMIZE_KSTACK_OFFSET_DEFAULT a kunne yake a tsarin da aka kwafo. Tun 5.13 kenel yana iya gusar da mafarin sitak da adadi na kacici a kowane kiran sistem, don wahalar da mai kutse. Gusawar ba ta kai bait 1024 ba, amma ta isa ta ɓata gwamawa. An sa randomize_kstack_offset=off don aunawa. A lissafin ƙarshe za a cire 1024 daga kowace ragowa, tunda a injin aiki za a bar shi a kunne.

17 ga Fabrairu

Mai bin sawun sitak na ftrace, tsarin kenel na bin kiraye-kirayen fankishin. Shi ne ke ba da hanya.

```
cd /sys/kernel/tracing
echo 0 > stack_max_size
echo 1 > /proc/sys/kernel/stack_tracer_enabled
# a gudanar da gwaji
echo 0 > /proc/sys/kernel/stack_tracer_enabled
cat stack_max_size stack_trace
```

Yana maƙale ne a farkon kowane fankishin da ftrace ke iya gani. Duk shiga, sai ya duba inda sitak yake, ya cire nasa firam, idan zurfin ya wuce na baya ya ɗauki jerin kiran gaba ɗaya, har mataki 500. A stack_trace akwai ginshiƙi uku: Depth shi ne jimillar zurfi a wannan mataki, Size abin da matakin shi kaɗai ya ci, Location sunan fankishin. Layi na 0 shi ne mafi zurfi, ƙofar shiga tana can ƙasan jerin.

Layin echo 0 > stack_max_size ba na ado ba ne. Tarihi ɗaya tak yake riƙewa na injin duka. Idan an tashi da stacktrace a layin tashi, wani abu mai zurfi lokacin gano na'urori zai iya zama a kujerar ya hana a ga komai na gwajin. Haka kuma hanya ta biyu a zurfi ba ta taɓa bayyana, ko da bait takwas ta gaza ta farko. Saboda haka an rubuta ɗan rubutun shell mai kwafe stack_trace duk daƙiƙa goma zuwa faifan da ba ya cikin gwajin, sannan ya mayar da lambar sifili. Bayan awa guda akwai hotuna 360, ana tattara su bisa jerin sunayen fankishin. Da haka hanyoyi daban-daban suke fitowa.

Nauyinsa ba kaɗan ba ne, kowane kira a kenel yana biyan haraji. Ba abin da za a bari a kunne a injin aiki ba ne, kuma yana sauya lokutan abubuwa har wasu karo da juna su daina faruwa. stack_trace_filter yana rage nauyin, misali echo 'xfs_*' > stack_trace_filter, amma a san abin da aka saya: awo yana faruwa ne kawai a bakin fankishin ɗin da suka dace da tacewar, duk abin da ke ƙasansu a sashen faifai ya ɓace. Idan ana son zurfin gaskiya, gara a tace da sunayen da ke can ƙasa, irin na direban faifai da na mai raba memori.

20 ga Fabrairu

Yau an gwada ma'aunan da kansu, da ɗan modul da aka san amsarsa tun kafin a kunna.

Gwajin farko ya faɗi tun a hannun kwamfaila. Fankishin mai jerin bait 512 yana kiran kansa sau goma ya kamata ya ci sama da 5120, amma GCC ta ga ba mai karanta jerin ta jefar da shi, kiran kai na ƙarshen layi kuma ta mai da shi madauki. Sai da aka sa volatile, aka sa noinline, aka kuma karanta wani abu daga jerin bayan kiran ya dawo. Daga nan ma'aunan biyu suka yarda da juna, da ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba.

Gwaji na biyu shi ne mai muhimmanci: fankishin na ƙarshen reshe, mai jerin bait 1536, wanda ba ya kiran kowa. Mai bin sawu bai gan shi ba sam. A x86 ana harhaɗa kenel da -mfentry, wato ƙugiyar ftrace tana gaban komai, kafin fankishin ya yanki firam ɗinsa. Girman firam ba ya bayyana sai ya kira wani da ake iya gani. Takardun ftrace sun faɗi wannan a fili, amma ganinsa da ido daban ne: bait 1536 sun shige ba ko alama. Haka abin yake idan wanda ya kira memset ne ko memcpy, domin an rubuta su da harshen inji ba su da ƙugiya, ko duk wani mai alamar notrace ko noinstr.

Ma'aunin sifili ya kama shi lokacin da aka cika jerin da 0xAA. Da aka cika shi da sifili ta madauki, ba tare da kiran kowa ba, shi ma ya makance, tunda sifili a kan sifili ba ya barin sawu. Da aka koma kiran memset na gaske sai ya sake gani, saboda umarnin call ya ajiye adireshin dawowa a ƙasan firam ɗin, kuma adireshi ba sifili ba ne. Wato akwai sifar fankishin guda da ke kuɓuce wa ma'aunan biyu a lokaci ɗaya, kuma farko.su ne kaɗai ya san da shi.

Ƙa'idar da za a bi daga yau: a ɗauki zurfin stack_trace, a duba fankishin na layi na 0 a cikin farko.su a ƙara girman firam ɗinsa, a gwama da abin da ma'aunin sifili ya ce, a riƙe wanda ya fi muni.

24 ga Fabrairu

Gwajin shingen. Da CONFIG_VMAP_STACK, wanda ya shigo x86_64 a 4.9 ta hannun Andy Lutomirski, sitak yana zaune a yankin vmalloc da shafin gadi wanda ba a haɗa shi da memori ba. Kafin nan tumbatsa tana zuba ne a kan maƙwabci shiru, injin ya faɗi daga baya a wani wuri da ba ruwansa.

```
echo EXHAUST_STACK > /sys/kernel/debug/provoke-crash/DIRECT
```

LKDTM, modul ɗin kenel mai jawo faɗuwa da gangan don gwaji, yana amfani da firam mai rabin CONFIG_FRAME_WARN, yana maimaitawa har ya nemi ninkin THREAD_SIZE biyu. Da 2048 na asali ke nan bait 1024 sau 32. Sakamako yadda ake fata: "BUG: TASK stack guard page was hit", da cikakken jerin kira, saboda kuskuren biyu-a-jere (double fault) da taɓa shafin gadi ke jawowa yana da nasa sitak na daban da zai tsaya a kai ya yi rahoto. STACK_GUARD_PAGE_LEADING da STACK_GUARD_PAGE_TRAILING su ma sun faɗi kamar yadda ya dace. A haɗa na'urar siriyal ta QEMU da fayil kafin a yi wannan, in ba haka ba rahoton na iya tafiya da injin.

Shafin gadi bait 4096 ne kawai. Firam da ya fi haka zai iya tsallake shi ya sauka a abin da ke bayansa ba tare da ya taɓa shi ba. Wannan ne dalilin da ya sa ba a yarda wani ya ɗaga FRAME_WARN zuwa 8192 don ya rufe bakin gargaɗi a modul ɗinsa ba. CONFIG_SCHED_STACK_END_CHECK kuwa, mai duba alamar ƙarshe duk lokacin sauya zare, ya zama mataimaki ne kawai idan akwai shafin gadi. Ya fi amfani a injinan da ba su da VMAP_STACK.

3 ga Maris

Gwaji na gaske. An ɗaure fio da stress-ng, shirye-shiryen ɗora wa inji nauyi, a cgroup ɗaya, wato rukuni mai iyakar memori, mai memory.max ƙasa da abin da suke buƙata, domin ƙwato memori ya faru a cikin zaren da ya nemi shafin, ba a kswapd ba.

Abin da ake tsoro tun farko, wato tulin LVM da dm-crypt, bai zama matsala ba. submit_bio_noacct() yana duba current->bio_list: idan zaren yana cikin miƙa wata buƙata, sabuwar ana sa ta a layi ne sai ta farko ta dawo. Hawa biyar na dm, wato irin su LVM da dm-crypt, bai fi hawa ɗaya ci sosai ba. dm-crypt kuma yana miƙa aikin ɓoyewa ga kcryptd, can a sabon sitak. XFS ma yana da irin wannan dabara, yana tura tsaga bishiyar taswirar fayil ga ma'aikaci na daban saboda wannan dalilin dai. Tulin tsarin fayil a kan tsarin fayil kuma an ƙayyade shi da FILESYSTEM_MAX_STACK_DEPTH, wanda yake 2.

Mafi tsawon hotunan duka sifarsu ɗaya: rubutu ta overlayfs, ya shiga XFS, ya nemi shafi, cajin cgroup ya gaza, ya faɗa shrink_node, ya gangara har miƙa shafi ga suwaf. Hanyar 2014 ce da sababbin sunaye. Ba firam guda da za a nuna da yatsa. Matakai ne masu yawa kowanne da ɗan abinsa. A vmstat kuwa kusan duk zaruruwa a ƙananan gidaje suke faɗawa, kstack_16k 'yan tsiraru ne. Wannan yana da ɗan ciwo idan aka duba KernelStack a /proc/meminfo: zare 20,000 sau 16 KB ya haura MB 300, mafi yawansa ba a taɓa takawa ba, ana riƙe da shi saboda tsirarun nan.

An tsayar da iyakar ƙararrawa: idan ragowa, bayan an cire 1024 na gusawa da firam ɗin ƙarshen reshe, ta gaza 4096, a tsaya a bincika. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Hukunci ne, ba lissafi ba. Dalilinsa shi ne gwajin awa guda ba zai taɓa bin kowace hanyar kuskure ba, kuma hanyoyin kuskure, masu printk da WARN, su ne ke ƙara zurfi a daidai inda ba a so.

6 ga Maris

Faci na farko, a direbanmu na cikin gida da ke kan hanyar faifai. Yana da tsari mai girma a sitak na fankishin ɗin miƙa buƙata, ana amfani da shi a reshen kuskure kaɗai. Kwamfaila ta haɗiye ƙaramin fankishin ɗin reshen cikin babban, don haka kowane kira yana biyan kuɗin firam ɗin ko da ba kuskure. An sa masa noinline_for_stack. Stackdelta ya nuna firam ɗin babban ya sauka da kusan girman tsarin.

An ƙi shawarar mayar da shi kmalloc da GFP_KERNEL. A hanyar da suwaf ke bi, neman memori irin wannan yana iya sake jawo ƙwatowa, ƙwatowar ta dawo direban nan, a sami zurfi ninki ko a cije gaba ɗaya. Idan dole ne, GFP_NOIO ko mempool da aka tanada tun farko.

A hanya an ga wani bafa na sitak da ake miƙa wa DMA, wato inda na'ura ke taɓa memori da kanta. Da VMAP_STACK wannan kuskure ne tsantsa, shafukan ba lallai su kasance jere a memori na zahiri ba. CONFIG_DMA_API_DEBUG yana kama shi. An raba shi zuwa faci na daban.

11 ga Maris

Akwai sitak ɗin da ba ma'auni ko ɗaya da ya taɓa. A x86_64 kowane CPU yana da sitak na katsewa (interrupt) mai 16 KB. Idan katsewa ta zo ana cikin kenel, ana zuba rajistoci a sitak ɗin zaren da aka tarar, sannan a koma na katsewa. Softirq ma, ragowar aikin katsewa da ake jinkirtawa, sau da yawa can ake gudanar da shi, har wanda ya tashi daga local_bh_enable(). Mai bin sawu yana duba ko adireshin yana cikin sitak ɗin zaren, idan ba ya ciki ya juya. Ma'aunin sifili kuma zare yake bi. Ke nan karɓar fakiti, netfilter, gada, VXLAN, sau da yawa suna gudana a inda ba mu da lamba ko ɗaya, kuma sabar nan za ta ɗauki kwantena masu irin wannan tulin.

An fara faci na debugfs: ga kowane CPU a ɗauki hardirq_stack_ptr, a gangara zuwa gindin yankin da IRQ_STACK_SIZE, a hau ana neman kalmar farko da ba sifili ba. Yankin da sifili yake farawa tun tashi kuma ba a sake share shi, don haka lambar ta tun tashin injin ce. Sake saita ta yana buƙatar a share daga kan CPU ɗin da kansa, da katsewa a rufe, kuma ba daga cikin sitak ɗin ba. Smp_call_function ba zai yi ba tunda a can yake gudana. Za a gwada ma'aikacin da aka ɗaure a kowane CPU. Bayan haka sai gwajin iperf3 ta veth, gada da VXLAN, sannan a sake harhaɗa komai da kwamfailar Clang a gwama farko.su, domin yadda take haɗiye fankishin ya bambanta da na GCC.